Abin Da Ke Ɓata Ranar Lahadi

"Muddin ina numfashi, ba za ka auro mini matar da har yau buroshin haƙorinta ke kofi ɗaya da na tsohon mijinta ba."

Mis Ernestine ce ta faɗi haka, ranar Lahadi bayan an taso coci, tana tula wa ɗanta Lamont makaroni da cuku a faranti kamar da makaronin take faɗa. Ba na wurin, amma kitso ne sana'ata, kuma duk maganar da aka yi a kan teburin abinci a unguwarmu ta Toledo a Amurka, kafin Talata ta iso kujerar shagona. Wannan ma ƙanwar Lamont ce ta kawo mini ita da ɗuminta.

"Mama, ba kofi ɗaya ba ne. Kowa da kabad ɗinsa."

"Ka shiga ka gani?"

Lamont ya ɗauki cinyar kaza ya ajiye.

"Ita ta gaya mini."

"Ita ta gaya maka. To madalla."

Bari in warware muku. Renita, wadda ake wannan tsiya a kanta, 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Aurenta da Cedric ya mutu shekara biyu da suka wuce, ya bar musu 'ya ɗaya, Nyla, mai shekara takwas. Da farko sun yi yadda kowa yake yi, mako ɗaya yarinya tana wajen uwa, mako ɗaya wajen uba, da jakarta a baya. Ba a je ko'ina ba Nyla ta daina cire takalmi idan za ta kwanta. Ta rame, ta daina magana a aji, har malamarta ta kira su.

Sai suka yi abin da masu sasanci a kotu ke kira zaman sheƙa. Yarinya ta zauna daram a gidan da aka haife ta, da ɗakinta da gadonta da ƙawayenta na layi, iyayen ne za su riƙa ɗaukar jaka. Duk Lahadi da yamma ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita. Makon da ba nata ba, Renita tana kwana a ɗan ɗakin da ke saman shagona. Cedric kuma ya lallaɓa gidan wansa. Suka kafa doka ɗaya mai tsauri: babu saurayi, babu budurwa, da zai taka cikin gidan nan.

Wannan dokar ce take cin Lamont a rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Mutum ya sa wa mace zobe, amma akwai gidan da iyakarsa baranda, gidan da wani ƙato yake da mabuɗinsa.

"Makon nan da ke ƙarewa na wane ne a cikinsu?" in ji Mis Ernestine.

"Na Cedric."

"To me motar Renita take yi a ƙofar gidan ranar Laraba da hantsi, lokacin da yarinya tana makaranta?"

Cokalin Lamont ya tsaya a hanya.

"Wa ya ce?"

"Sista Glenda da ke tsallaken titinsu ta gani da idonta. Kuma ta ce ba wannan ne farko ba. A makon matar, ana ganin motar mijin. A makon mijin, ana ganin ta matar. Ruwa ba ya tsami banza, Lamont. Kai kana can kana jan bas kana zagaya gari da mutane, ana zagaya ka."

"Mama, don Allah."

"Kar ka haɗa ni da Allah, daga gidansa nake. Ga Patrice nan a cikin mawaƙan coci, yarinya mai natsuwa, ba ɗa, ba tsohon miji, kullum sai ta tambaye ni kai. In kuma ka dage sai Renita, to ka ji sharaɗina. A sayar da gidan nan. Ta ɗauko 'yarta ta dawo gidanka, uban ya riƙa zuwa yana ɗaukarta ƙarshen mako kamar kowane uba. In ba haka ba, ku ɗaura aurenku, kujerata a coci za ta zauna ba kowa."

Lamont ya miƙe, ya ɗauki mabuɗin motarsa. Ko kek ɗin dankalin da yake mutuwar so bai tsaya ya ci ba.

*

Ni a lokacin ina sama, zaune a bakin gadon Renita, ina kallonta tana haɗa jaka. Mako guda ke nan tana yawo da hannun hagu a aljihu kamar mai ƙunshi. Ni kaɗai na san dalili.

Lahadin da ta wuce, kafin ta bar gidan, ta zaunar da Nyla a kicin ta yi mata kitson mako kamar yadda ta saba. Ta zare zoben baikon don kada ya riƙa kama gashin yarinyar, ta ajiye a bakin taga. Tana gamawa Cedric ya iso, aka yi 'yar sallama a tsaitsaye, ta fito. Sai da ta zo nan ta ga yatsa wayam. Ta kira shi, ya ce bai ga komai ba. Ranar Laraba ta koma, ta juye kicin ɗin nan har ƙarƙashin firiji, babu zobe babu dalilinsa.

"Shi ne, Rochelle," ta ce mini, tana cusa riga a jaka. "Wallahi shi ne. Wancan karon tabarauna. Kafin shi takalmin aikina, ƙafa ɗaya tak. Wane ɓarawo ne zai ɗauki takalmi ƙafa ɗaya? So yake in riƙa dawowa tsakiyar mako in same shi yana murmushin nan nasa."

"Zato zunubi," na ce mata, ko da yake a raina ni ma shi nake zargi. Na san Cedric tun yana yawo da gajeren wando, bai taɓa iya rasa abu ya haƙura ba.

"Ki gaya wa Lamont kawai," na ƙara da cewa.

"In ce masa me? In ce zoben da ya sa mini a gaban mutane yana hannun tsohon mijina?"

Ba ta rufe baki ba muka ji takun mutum a kan matakala, irin takun da ba ya jiran a ce shigo.

Lamont ya tsaya a bakin ƙofa. Ya gaishe ni da kai kawai. Na miƙe na ba su wuri, wato na koma bayan ƙofar na tsaya, don ɗakin nawa ne.

"Ina kika je ranar Laraba?"

"Lamont, zauna mana."

"Kin ce mini kina wurin aiki. Ina kika je?"

"Na je aiki. Na fita ne na ɗan lokaci."

"Zuwa ina?"

Ta ƙara cusa hannun a aljihu.

"Fito da hannunki daga aljihu, Renita."

Ta kafar ƙofar na ga ta zaro hannun a hankali. Ya daɗe yana kallon yatsan. Lamont mutum ne mai sanyi, irin wanda fasinja zai zage shi ya ce masa a sauka lafiya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

"Ashe cire shi kike yi idan za ki je wurinsa."

"Ba haka ba ne." Hawaye suka ɓalle mata. "Ɓata ya yi. Tun ranar Lahadi. Nemansa na je yi."

"Ya ɓata mako guda, ni ban isa in ji ba."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me, in ba ki da abin ɓoyewa? Sau nawa kika koma gidan nan a makonsa? Kar ki yi mini ƙarya, an gan ki."

"Na koma. Ban musa ba. Duk lokacin da na fito sai in tarar wani abu nawa ba ya cikin jaka. Cedric ne yake ɗauke mini kaya, Lamont. Shi ya ɗauki zoben."

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Yana ɗauke miki kaya, ke kuma kina ta komawa, ba ki taɓa gaya wa mutumin da za ki aura ba. Renita, ni ba yaro ba ne. Gida ɗaya kuke kwana."

"Ba lokaci ɗaya ba. Ni a ɗakin sama nake, shi a na ƙasa."

"Haka kika ce. Ni ban taɓa wuce baranda ba. Ni ne bare, shi ne ɗan gida."

Ta zube a bakin gado, ta rufe fuska da tafukanta.

"Ba ka ga Nyla a wancan lokacin ba. Ba ka ga yarinya tana barci da takalmi, ta rungume jaka, don ba ta san inda za ta farka ba. Wata rana ta tambaye ni, Mami, a wane gida ne ni ba baƙuwa ba? Gidan nan ne ya dawo mini da 'yata. Kana tsammanin daɗi nake ji in riƙa yawo da jaka kamar 'yar ci-rani, in shiga kicin in tarar da kwanukan da wani ya ɓata? Don ita nake yi."

"Ni fa? A ina zan zauna a cikin wannan tsarin? Mako ɗaya ina da mata, mako ɗaya ina gwauro?"

"Mun yi wannan maganar. Ka ce za ka jure har ta ƙara wayo."

"Na faɗa. Lokacin ban san ana komawa ranar Laraba ba." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Mama ta ce ba za ta zo bikin ba sai an sayar da gidan."

Renita ta ɗago.

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya kawar da kai.

"Me ka ce mata, Lamont?"

"Ban ce komai ba. Tashi mu je. In shi ya ɗauka, yau zai faɗa a gabana. In kuma ke kika ba shi ajiya, shi ma zan ji."

Na yi sauri na sauka na ɗauko rigar sanyina. Ni ba a ba ni labari in ina da ƙafa.

*

Mun tarar da Cedric a baranda, jakarsa a gefe, yana share ganyen da suka zubo a kan matakala. A masana'antar haɗa motoci yake aiki, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji. Da ya ga Lamont ya fito daga mota sai ya jingina tsintsiyar, ya gyara tsayuwa.

"A'a, yau da 'yan rakiya aka zo. Sannu Rochelle. Direba, iyakarka nan, ka san doka."

"Ina Nyla?" in ji Renita.

"Tana sama, tana aikin makaranta."

"To yi magana a hankali. Ba ni zobena."

"Na gaya miki ban gani ba."

"Cedric, na gaji. Ba ni zobena, da tabarauna, da takalmina. Duk abin da ka ɗauka ka fito da shi yanzu, in manta da maganar."

Ya dube ta, ya dubi Lamont, sai ya fara murmushin nan da take faɗa.

"Kai, Renita. A gabansa kike so a yi? To shi ke nan." Ya juya ga Lamont. "Ɗan'uwa, ba na son in ɓata maka rai, amma gara ka ji daga bakina. Tambaye ta ina agogona. Tambaye ta ina hular sanyina, wadda ta saya mini tun muna saurayi da budurwa. Ina rigata mai lamba a baya. Duk ranar da na bar gidan nan sai na rasa wani abu. Na dawo in nema, ta ce ba ta gani ba. Ni kuwa na yi shiru, don na gane karatun."

"Wane karatu?" in ji Lamont.

"Macen da ta gama da kai ba ta ɓoye rigarka. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Zoben ma ina jin ita ta ajiye shi wani wuri, kunyar faɗa maka take ji."

Renita ta saki baki.

"Ni? Ni zan ɓoye tsummanka? Me zan yi da shi, goge ƙasa?"

"Ke kika sani. Ni dai ban hana ki ba. Ƙofa a buɗe take, Nyla ma za ta fi kowa murna."

Lamont ya taka matakala ɗaya. Cedric ya sauko ɗaya. Na shiga tsakaninsu da jikin da Allah ya ba ni, wanda ba kaɗan ba ne, na ce duk wanda ya ɗaga hannu sai ya fara da ni. A tsallaken titi na ga labulen Sista Glenda yana motsi.

Lamont ya juyo ga Renita. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Kin ce shi ke ɗaukar naki. Ya ce ke ke ɗaukar nasa. Ɗayanku ƙarya yake yi, ko kuma ku biyun kuna wasan da ni kaɗai ne ban san dokarsa ba."

"Ka yarda da shi a kaina?"

"Ban san wa zan yarda da shi ba. Abin da na sani, muddin gidan nan yana tsaye haka, ba ki fita daga aurensa ba."

Nan ne Renita ta ɓalle. Ta manta ita ce ta ce a yi magana a hankali.

"Shi ke nan, na ji. Kowa gidan yake so ya ga bayansa, kai da mamanka. Shi kuma ya mayar da shi tarko. To gobe zan kira lauya. A koma kotu, a sayar da gidan, a raba. Nyla ta koma yawo da jaka kamar 'ya'yan kowa. Sai kowa ya huta."

Ta faɗi wannan tana kuka, kuma na san ba har zuci ba ne. Amma tagar sama a buɗe take.

Muka ji wani abu yana gungurowa a matakalar cikin gida, ƙwan, ƙwan, ƙwan, a hankali.

*

Ƙofa ta buɗe. Nyla ce, da kitson makon jiya da ya fara tsufa, ba takalmi a ƙafarta, tana jan wata kula shuɗiya da hannu biyu. Irin wadda ake zuba kankara da lemo a tafi bakin tafki. Ta jawo ta har tsakiyar baranda, ta tsaya tana haki. Ba ta kalli kowa ba.

"Kar a sayar," ta ce. "Ga su nan. Zan mayar."

Ta ɗaga murfin.

Takalmin aiki fari, ƙafa ɗaya. Tabarau. Agogo. Hular sanyi. Riga mai lamba, a naɗe tsaf yadda uwarta ta koya mata. Da wasu ƙananan abubuwa da masu su ma ba su san sun ɓata ba, cajar waya, ɗan kunne guda, matajin gemu.

Murmushin Cedric ya gudu. Ya durƙusa ya ɗauki hular, ya juya ta a hannu, ya ajiye. Ban taɓa son mutumin nan ba, amma a wannan lokacin na kawar da kaina, don bai kamata a kalli namiji yana gane cewa ba a jiransa ba.

Renita ta durƙusa a gaban 'yarta.

"Nyla. 'Yar lelena. Ke ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Me ya sa?"

"Don ku dawo."

"Ai muna dawowa. Duk Lahadi. Na taɓa fashi?"

"Lahadi tana da nisa." Ta ja hanci. "Idan kin manta abu, kina zuwa kafin Lahadi. Ko ina makaranta, in na dawo ina jin ƙamshin man hannunki a kicin, sai in san kin zo. Baba kuma yana barin kujerar can a juye. Sai in san ba ku tafi gaba ɗaya ba."

Cedric ya rufe ido.

"Baban ƙawata Kiara ma ya ce mata sai Lahadi," in ji Nyla. "Yanzu yana Atlanta, yana da wani jariri."

"Ni ba baban Kiara ba ne," in ji Cedric.

"Shi ma da ba haka yake ba," in ji Nyla.

Mu duka muna ta yabon wannan tsari, muna cewa an bar yarinya a gidanta, ba ta yawo. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa duk Lahadin duniya ita ce take tsayawa a taga tana kallon ɗaya daga cikin iyayenta yana sa jaka a mota.

Lamont ne ya yi magana, daga inda yake a ƙasan matakala.

"Nyla, zoben fa?"

Ta sa hannu a aljihun wandonta, ta fito da wata safa a ƙudundune. Ta warware. Zoben ya faɗo a tafin hannunta.

"Ba kya so na auri maminki, ko?" Ya tambaya a hankali, ba da faɗa ba. "Faɗi gaskiya, ba zan yi fushi ba."

"Ba haka ba ne, Mista Lamont."

"To mene ne?"

Ta kalli uwarta, ta sunkuyar da kai.

"Da na ɗauki takalmi, sai da ta kwana uku kafin ta zo. Tabarau ma ta sayi wani. Na ga kullum tana kallon zoben tana murmushi, ko tana wanke-wanke. Sai na ce wannan kam dole ta dawo." Ta haɗiye yawu. "Idan kun yi aure za ta koma gidanka. Ban sani ba ko za ta riƙa dawowa saboda ni. Amma saboda shi za ta dawo."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Renita, ba kuka ba, wani abu da ya fi kuka. Ta fizgo yarinyar ta matse ta a jikinta, tana faɗin sunanta, tana maimaitawa. Nyla ba ta yi kuka ba. Hannunta ɗaya yana bayan uwar, ɗayan a dunƙule da zoben.

Cedric ya miƙe ya ɗauki jakarsa, ya sake ajiye ta. Ya zauna a kan matakala ya ba mu baya.

Lamont ya hawo baranda. Babu wanda ya tuna masa da doka. Ya tsuguna nesa kaɗan da su.

"Renita, ki yafe mini. Na zarge ki da abin da ba ki yi ba."

Ba ta kalle shi ba.

"Na ji."

"Zan yi wa Mama magana. Zan gaya mata abin da na gani."

Sai a lokacin ta ɗago, idanunta jawur.

"Ka gaya mata me? Za a sayar, ko ba za a sayar ba? Ɗazu na tambaye ka ba ka amsa ba. Yanzu amsa mini a gaban Nyla, mai gidan."

Nyla ta juyo da fuskarta daga kafaɗar uwar, ta zuba masa ido. Cedric ma ya ɗan waiwayo.

Lamont ya buɗe baki. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, wannan ne abin da ya sa Renita ta so shi tun farko, kuma shi ne ya kayar da shi a wannan yammacin.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Ina son ki, Allah ya sani. Amma ina son gida ni ma. Ina son matata ta kwana a ɗakina kowane mako. Ki ba ni lokaci in yi tunani."

"Na ba ka."

Ya miƙa tafin hannunsa ga Nyla.

"Kawo in mayar mata a yatsa. Sauran maganar mu manya za mu yi ta."

Yarinyar ta dubi hannun nasa, ta dubi uwarta, ta fara buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai biyan tara. Renita ta kama hannun, ta sake dunƙule mata shi.

"A'a. Ajiye shi a wurinki."

"Renita," in ji Lamont.

"Ban fasa ba. Amma zoben nan ba zai koma yatsana ba sai ranar da ta kawo mini shi da kanta, ba wanda ya ce ta kawo. Ranar da ta yarda zan dawo ko ba ta riƙe mini komai ba."

"Idan ranar ba ta zo ba fa?"

Renita ta dubi 'yarta. Hawaye kawai ke sauka.

Nyla ta zare jikinta daga na uwar. Ta mayar da zoben cikin safa, ta ƙudundune, ta cusa shi can ƙasan kular, ƙarƙashin rigar babanta da takalmin maminta. Ta ja murfin ta danna har ya yi ƙara. Sannan ta hau kai ta zauna.